Kasuwancin sarƙa na kayan kwalliya

Kasuwancin sarƙa na kayan kwalliya, wanda masu yinsa a Najeriya suka fi kira "netwok", tsari ne na sayar da man shafawa, hoda, jan baki, turare, sabulu da makamantansu ta hannun mutanen da suka yi rajista da kamfani, maimakon a kai kayan kantuna. Wadda ta yi rajista ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce, kuma ba ta da albashi. Kuɗinta na fitowa ne ta hanya biyu: ribar abin da ta sayar da kanta, da kamashon da ake ba ta daga sayayyar mutanen da ta shigar cikin tsarin da waɗanda su ma suka shigar. Wannan hanya ta biyu ce ta sa ake kiransa kasuwancin sarƙa, ko kasuwanci mai matakai da yawa.

Mafi yawan masu shiga mata ne. Binciken da aka yi a Amurka, inda tsarin ya samo asali, ya nuna cewa mafi rinjayen masu shiga ba sa cin riba, wasu ma asara suke tafkawa. A arewacin Najeriya ana yaɗa shi ta WhatsApp da Facebook, da kuma ta hanyar dangi, ƙawaye da maƙwabta. A garuruwan da masu saye ba su da yawa kuma hanya ke da wahala, irin su Moriki, Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda a arewacin jihar Zamfara, nauyin haɗarin da ke kan mai sayarwa ya fi na manyan birane.

Yadda tsarin yake aiki

Mai son shiga tana yin rajista a ƙarƙashin wadda ta gayyato ta. Wasu kamfanoni na karɓar kuɗin rajista kaɗan, wasu kuma sai an sayi ƙunshin kaya na farko, kuma girman ƙunshin ne ke nuna matakin da mutum zai fara. Daga nan mamba tana sayen kaya a farashin 'yan ƙungiya, ta sayar a farashin da ke cikin littafin tallan kamfanin. Bambancin da ke tsakanin farashin biyu shi ne ribarta.

Kowane kaya yana da makin da aka yanka masa. Kamfani na tara makin da mamba ta samu a wata, ya haɗa da na waɗanda ke ƙarƙashinta, sannan ya biya kamasho bisa jimillar. A tsare-tsare da yawa akwai mafi ƙarancin makin da dole a cika kowane wata ko zango kafin a cancanci kamasho ko a riƙe matsayi. Galibi ana lissafa makin ne a lokacin da mamba ta sayi kaya daga kamfani, ko ta samu mai saye daga baya ko ba ta samu ba. Saboda haka kamfani da na sama suna samun rabonsu tun kafin kayan su isa hannun mai amfani da su.

Matakan suna da sunaye masu jan hankali kamar manaja da darakta, ko sunayen azurfa, zinare da lu'ulu'u. Ana kuma tallata kyaututtuka irin su mota da tafiya ƙasar waje. Mafi shahara a cikinsu ita ce motar Cadillac mai launin ruwan hoda da kamfanin Mary Kay ke ba manyan daraktocinsa.

Tarihi

Sayar da kayan kwalliya gida-gida ya girmi tsarin sarƙa. A 1886 David H. McConnell ya fara kasuwancin turare a birnin New York, yana ɗaukar mata su bi gidaje da kaya, kuma a 1939 kamfanin ya koma amsa sunan Avon. A farkon lamarin mai talla tana cin ribar abin da ta sayar ne kawai.

Tsarin biyan mutum daga cinikin waɗanda ya shigar ya bayyana a 1945 a wajen sayar da kayan ƙarin gina jiki na Nutrilite a jihar Kalifoniya. Biyu daga cikin masu sayar da Nutrilite, Jay Van Andel da Richard DeVos, su ne suka kafa Amway a 1959 a jihar Michigan. Mary Kay Ash ta kafa Mary Kay a Dallas a 1963, sannan a 1967 'yan'uwa biyu, Jonas da Robert af Jochnick, tare da Bengt Hellsten suka kafa Oriflame a ƙasar Suwidin. Rex Maughan ya kafa Forever Living Products a jihar Arizona a 1978.

Manyan shari'o'in farko a kan wannan tsari sun shafi kayan kwalliya ne. A 1964 William Penn Patrick ya kafa Holiday Magic, kuma a 1973 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta zargi kamfanin da damfarar mutane kimanin 80,000 kuɗin da suka haura dalar Amurka miliyan 250. A 1967 Glenn W. Turner ya kafa Koscot Interplanetary a jihar Florida, inda mutane suka riƙa biyan dubban daloli don sayen matsayin dila. A hukuncin da ta yanke kan Koscot a 1975, hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta fayyace haramtaccen tsari da cewa shi ne wanda mutum ke biyan kuɗi don samun izinin sayar da kaya da kuma damar karɓar lada kan shigar da wasu, ladan da ba shi da alaƙa da sayar wa ainihin masu amfani da kayan.

A 1979 hukumar ta yanke cewa Amway ba ya cikin wannan rukuni, saboda wasu ƙa'idoji da ya ce yana bi: mamba ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya saya, ya sayar wa aƙalla mutum 10 a wata, kuma kamfani ya karɓi kayan da suka yi kwantai ya mayar da kuɗi. Wannan hukunci ne ya buɗe wa kamfanonin sarƙa ƙofar yaɗuwa a duniya. Ƙasar Sin ta haramta tallan kai-tsaye gaba ɗaya a 1998, sannan a 2005 ta sake ba da izini amma ta ci gaba da hana biyan kamasho mataki-mataki.

Shigowarsa Najeriya

Tun wajen shekarun 2000 aka san kamfanoni irin su Forever Living Products, GNLD wanda yanzu ake kira NeoLife, da Tiens na ƙasar Sin a biranen Najeriya. Daga baya Longrich, shi ma na Sin, ya shigo da sabulu, man goge baki, man shafawa da audugar mata. Oriflame, wanda kayan kwalliya ne ainihin hajarsa, ya buɗe a Najeriya a 2014. Waɗannan kamfanoni ne masu rajista da ke sayar da kaya na zahiri. Ban da su akwai ƙananan 'yan kasuwa masu haɗa mai, sabulu ko turare da kansu, waɗanda suka kwaikwayi salon: suna ɗaukar wakilai da kuɗin rajista, su kuma ba wakili wani kaso idan ya kawo wani.

Tsarin ya tarar da daɗaɗɗiyar al'adar sana'ar cikin gida a ƙasar Hausa. Mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, kuma Enid Schildkrout ta yi nazarin rawar da tallar yara ke takawa a wannan ciniki a Kano a shekarun 1970. Humra, turaren wuta, lalle, dilka da kwalli duk kaya ne da mata suka saba saye a hannun mata. Don haka kasuwancin da aka ce ana yinsa daga ɗaki da waya a hannu bai zo a matsayin baƙon abu ba.

Sai dai akwai bambanci tsakaninsa da dillanci. Dillaliya tana karɓar kayan mutum ba tare da ta biya ba, ta zaga da su gidaje, ta karɓi la'adarta idan an saya, ta mayar wa mai su idan ba a saya ba. A kasuwancin sarƙa mai sayarwa ce ke biya tun farko, kuma idan kaya suka yi kwantai a ɗakinta suke kwana.

Yanayin arewacin Zamfara

An ƙirƙiri jihar Zamfara daga jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Moriki gari ne mai masarauta a ƙaramar hukumar Zurmi, a kan hanyar da ta haɗa Ƙaura Namoda da Shinkafi. Ƙaura Namoda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau, wanda ya iso garin a 1929, kuma a nan ne kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya take. Shinkafi kuwa ta yi suna da babbar kasuwarta ta mako-mako. Noma da kiwo da fatauci su ne ginshiƙin rayuwar yankin.

Abubuwa da dama a yankin suna cin karo da tsarin cika maki wata-wata. Kuɗi na shiga hannun manoma ne da kaka, kuma cinikin kayan kwalliya na tashi ne a lokacin sallah da bukukuwa da haɗa lefe, ya kuma kwanta da bazara da damina. Ƙa'idar maki ba ta la'akari da wannan. Masu haɗa lefe sun saba zuwa kasuwar Gusau ko ta Sabon Gari a Kano, inda ake samun mai da turare kala-kala a farashin da ake tayawa, alhali farashin littafin kamfani a yanke yake. Kayan kuma sai an turo su daga manyan birane ta tasha, wanda ke ƙara kuɗin mota a kan kowace kwalba. Zafin watannin Maris zuwa Mayu, da yakan kai digiri 40, yana narkar da jan baki ya kuma ɓata mai, ga ƙarancin wutar lantarki.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin. 'Yan bindiga sun daɗe suna tare hanyoyin yankin da ɗora wa al'ummomi haraji. A farkon Satumba 2021, lokacin gwamna Bello Matawalle, an katse layukan waya a faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, matakin da ya ɗauki makonni. Sana'ar da ta dogara da oda ta waya da talla a WhatsApp tana tsayawa cak a irin wannan yanayi.

Ga kuma halin tattalin arziki. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Bayan cire tallafin mai a Mayu 2023 da sakin darajar naira a Yuni 2023, dalar Amurka da ake canzawa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. Kayan da ake shigowa da su sun yi tsada a daidai lokacin da gidaje suka rage sayen duk abin da ba abinci ba. Wannan matsin ne kuma ke sa alƙawarin samun kuɗi daga gida ya fi shiga kunne.

Lissafin sarƙa

Babbar matsalar tsarin ta lissafi ce. Idan mutum ɗaya ya shigar da 6, kowannensu ya shigar da 6, adadin sababbin mambobi a kowane mataki zai kasance kamar haka:

Mataki na 1: 6
Mataki na 3: 216
Mataki na 5: 7,776
Mataki na 8: 1,679,616
Mataki na 9: 10,077,696
Mataki na 11: 362,797,056
Mataki na 13: 13,060,694,016

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zurmi tana da mutum kimanin 294,000, Ƙaura Namoda kimanin 281,000, Shinkafi kuma kimanin 136,000. Mataki na 8 kaɗai ya ninka jimillarsu fiye da sau biyu, har da jarirai da tsofaffi. Mataki na 11 ya zarce yawan 'yan Najeriya, na 13 kuma ya zarce yawan mutanen duniya, waɗanda suka kai biliyan 8 a 2022.

A irin wannan jeri, a kowane lokaci kusan kashi 83 cikin 100 na mambobi suna matakin ƙarshe ne, babu kowa a ƙarƙashinsu, don haka ba su da kamashon da za su karɓa. Haka nan duk wadda aka shigar ta tashi daga mai saye ta koma abokiyar gasa. Idan mata goma a unguwa ɗaya suna sayar da mai iri ɗaya, kowace kuma tana samunsa a farashin 'yan ƙungiya, babu wadda ta rage da za ta saya a cikakken farashi.

Asarar kuɗi

Alƙaluman da aka fi ambato daga Amurka suka fito. Wani bincike da gidauniyar AARP ta wallafa a 2018 ya gano kashi 47 cikin 100 na waɗanda suka taɓa shiga sun yi asara, kashi 27 ba su ci ba ba su faɗi ba, kashi 25 ne kawai suka ce sun ci riba. A 2011 Jon M. Taylor, wanda ya taɓa yin kasuwancin kafin ya zama mai sukarsa, ya yi nazarin tsare-tsaren biyan kuɗi na ɗaruruwan kamfanoni, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 99 cikin 100 na asara idan aka cire duk ɗawainiya. Kamfanonin ba su yarda da lissafinsa ba. A Satumba 2024 ma'aikatan FTC suka duba takardun bayanin samun kuɗi na kamfanoni 70, suka tarar mafi yawan mambobi na samun dalar Amurka 1,000 ko ƙasa da haka a shekara, kuma galibin takardun ba sa cire kuɗin da mamban ya kashe.

Asarar tana zuwa ta hanyoyi sanannu. Akwai kuɗin rajista da ƙunshin farko. Akwai sayen kayan da ba a buƙata a ƙarshen wata don kada maki ya gaza. Akwai kwantai, domin kayan shafa suna da ranar lalacewa. Akwai karya farashi don a rabu da kaya. Akwai bashi, wanda ke da wuyar ƙi tsakanin dangi da maƙwabta. Sannan akwai ƙananan ɗawainiyoyi da ba a cika rubutawa ba: data, kuɗin mota, kuɗin turo kaya, kuɗin shiga taron horaswa, da kayan gwaji da ake rabawa kyauta.

Ana iya kwatanta wannan da misalin lissafi. A ɗauka mace ta sayi kaya na naira 60,000, waɗanda idan ta sayar duka a farashin littafi za ta samu naira 75,000. Ta sayar da kashi biyu cikin uku a kan naira 50,000, ribar wannan kaso ita ce naira 10,000. Idan turo kaya da data da zirga-zirga sun ci naira 10,000, ribar ta ƙare, ga kayan naira 20,000 a ajiye. Idan kuma naira 10,000 na cinikin bashi ne da ba a biya ba, to ta fitar da naira 70,000 amma naira 40,000 ce a hannunta, kuma wata mai kamawa akwai sabon maki da ake jiran ta cika. Na samanta kuwa an riga an lissafa musu kamasho a kan dukkan naira 60,000.

Illa ga mutum da zumunci

Jarin da mata ke shiga da shi yakan fito daga kwasar adashi, sadaki, sayar da akuya ko ɗan kunne, ko rance daga miji da 'yan'uwa. Ga ɗalibai kuma yakan fito daga kuɗin makaranta ko na abinci. Waɗannan su ne abubuwan da gida ke jingina da su ranar rashin lafiya ko haihuwa, don haka karyewar irin wannan jari ba ta tsayawa kan mai shi kaɗai.

Ana koya wa sababbin mambobi su rubuta sunayen duk wanda suka sani su fara da su. Ta haka gidan biki, gidan suna, makarantar Islamiyya da zauren WhatsApp na dangi ke zama wurin talla. Mutum na iya saye sau ɗaya don kunya, daga nan ya fara kauce wa mai tallan. A binciken AARP, kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka daina sun ce nauyin tallata wa abokai da dangi ne ya sa suka bari. Idan kuma wadda aka shigar ta yi asara, laifin yakan koma kan 'yar'uwa ko ƙawar da ta kawo ta, wadda ita ma wataƙila a cikin asarar take. Mutum ɗaya kan zama wanda aka cuta kuma wanda ya jawo wa wani cuta.

A tarurrukan ƙarfafa gwiwa ana yawan nanata cewa nasara ta dogara ne da himmar mutum, kuma masu suka ba sa son ci gabansa. Sakamakon haka wadda ta faɗi takan ɗora wa kanta laifi, ta ɓoye asarar ga mijinta ko iyayenta, ta ƙara zuba kuɗi da fatan mayar da abin da ya tafi. Wasu kuma na ci gaba da saka hotunan kyaututtuka da saƙonnin shigar kuɗi a waya, domin da su ake jawo sababbi, ko da a zahiri bashi ake bin su.

Lafiyar fata

Mai sayarwa ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma buƙatar sayarwa kan sa a yi wa kaya kirarin da kamfanin ma bai rubuta ba, kamar cewa suna warkar da ƙuraje, kyasbi ko wata cuta. A Afrilu 2020 FTC ta aika wa kamfanonin sarƙa 10 takardun gargaɗi kan iƙirarin lafiya da na samun kuɗi da su ko mambobinsu suka yi lokacin annobar korona.

A Najeriya batun ya haɗu da matsalar man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata. A farkon 2023 shugabar NAFDAC, Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Haɗarin ya fi yawa a mayukan haɗi marasa rajista da jabun kaya, waɗanda ke bi ta hannu zuwa hannu ba tare da bayanin abin da ke ciki ba. Sinadarin makuri na illata ƙoda da jijiyoyi, magungunan sitiroyid na sirantar da fata su jawo nankarwa da ƙuraje, yawan haidirokwinon kuma na iya barin baƙin tabo mai wuyar gogewa.

Bambanci da tsarin dala da na Ponzi

Tsarin dala, wanda sunansa ya fito daga siffa irin ta dalar gyaɗa mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, shi ne wanda kuɗin shigar sababbi ke biyan tsofaffi, kaya kuwa idan akwai su lulluɓi ne kawai. Tsarin Ponzi kuma alƙawarin ninka kuɗi ne ba tare da wata sana'a ta gaskiya ba. Misalinsa a Najeriya shi ne MMM, wanda ya rufe asusun mambobi a Disamba 2016, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. CBEX ma ya rushe a Afrilu 2025.

Kamfanin sarƙa na halal ana sa ran mafi yawan kuɗinsa su fito daga sayar wa mutanen da ba mambobi ba. Tabbatar da hakan a kotu ba shi da sauƙi. A 2016 Herbalife ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200 ya kuma sauya tsarinsa domin sasantawa da FTC, ba tare da an ayyana shi tsarin dala ba. A 2023 kuma wata kotun tarayya a Texas ta ba kamfanin kayan fata na Neora gaskiya a ƙarar da FTC ta shigar a 2019.

Matsayin doka a Najeriya

Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025, wadda shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Maris 2025, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin Ponzi da makamantansa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana talla ta ƙarya ko mai ɓatarwa. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ce ke yi wa kayan kwalliya rajista, kuma lambarta na kan kayan da ta amince da su. Takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana nuna cewa kamfani ya yi rajistar suna ne kawai, ba shaida ba ce cewa tsarin biyansa na da inganci.

Ra'ayin malaman Musulunci

Tun da aka fara aiki da Shari'ar Musulunci a Zamfara a Janairu 2000, hukuncin ciniki a addini yana da nauyi a rayuwar jama'ar jihar. Malamai a duniya sun saɓa kan wannan tsari. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, a fatawa mai lamba 22935 ta shekarar 1425 Hijiriyya, daidai da 2004, ya haramta shi. Hujjojinsa sun haɗa da cewa kamasho ne abin nufi ba kayan ba, cewa biyan kuɗi kaɗan don samun masu yawa daga baya ya shiga babin riba da aka haramta, da cewa akwai garari, yaudara da cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Kwamitin ya kuma bambanta shi da dillanci, domin dillali ba ya biya kafin ya yi aiki.

Majalisar Shari'a ta ƙasa da ke ƙarƙashin majalisar malaman Indunusiya, a fatawa mai lamba 75 ta 2009, ta halatta shi bisa sharuɗɗa: kaya su zama na gaskiya kuma halal, kada a tsauwala farashi, kamasho ya dogara da ainihin ciniki, kada mutum ya riƙa karɓar kuɗi a zaune ba tare da aiki ba, kuma kada a ruɗi mutane da alƙawura.

Martanin kamfanoni da sauye-sauye

Kamfanonin da ƙungiyoyinsu na cewa tsarin yana ba mata damar fara sana'a da ƙaramin jari a lokacin da ya dace da su, yana koya musu talla da riƙe lissafi, kuma mutane da yawa suna rajista ne don samun rangwame kawai, don haka bai kamata a lissafa su cikin waɗanda suka faɗi ba. Masu suka na amsawa da cewa ana tallata shi ne a matsayin hanyar samun arziki, don haka da wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Wasu kamfanoni sun bar salon da kansu. A 2024 kamfanin kayan fata na Rodan + Fields ya daina biyan kamasho mataki-mataki, ya koma biyan mutum kan abin da ya sayar kawai.

Alamomin gargaɗi

Hukumomin kare masu saye sun saba lissafa alamomin da ke nuna tsari mai haɗari: a fi ba da ƙarfi kan shigar da mutane fiye da sayar da kaya, a tilasta sayen kaya wata-wata, a yi alƙawarin kuɗi masu yawa cikin ɗan lokaci, a matsa wa mutum ya biya nan take ko ya ci bashi don shiga, farashin kaya ya fi na makamantansu a kasuwa nesa ba kusa ba, sannan babu rubutacciyar ƙa'idar mayar da kayan da suka yi kwantai. Shawarar da suke bayarwa ita ce mai son shiga ya nemi takardar da ke nuna abin da matsakaicin mamba ke samu bayan cire ɗawainiya, ya tambayi waɗanda suka taɓa yi suka bari, ya duba lambar rajista da ranar lalacewar kaya, kuma idan ya shiga ya riƙa rubuta duk abin da ya fita da abin da ya shigo a kowane wata.